Zanen da ke Kan Rumfar Jawahir

Duk wanda ya san Jawahir ya san ba a yi mata zance bayan la'asar. Ka gaishe ta, ta amsa da ka. Ka roƙe ta gishiri, ta miƙo maka ashana. Jikinta yana tsakar gida, hannunta yana cikin kifi, amma idonta yana can yamma a kan teku, daidai inda ruwa yake fari da kumfa. Sai ta ga goshin jirgin mijinta ya ratso tsakanin duwatsun nan lafiya, sannan ta sauke numfashi ta tuna akwai mutane a duniya. Maƙwabta sun ɗauka tsufa ne ya zo mata da sabuwar ƙauna, har suna tsokanarta da amarya. Ita kuwa tsoro ne yake cin ta, shekara uku ke nan tana kwana da shi tana tashi da shi. Mijinta Abdulghani ba ya gani sosai, kullum sai ya fita teku, kuma ita kaɗai ya gaya wa.

Garin nasu, in har za a kira shi gari, yana kudu da Jidda, tafiyar awa biyu. Awa ɗaya a kan kwalta, ɗayar kuma a kan fako mai gishiri wanda in aka yi yayyafi mota ba ta isa ta bi ba. A takarda sunansa Marsa Sudaira, amma mutanen ciki Tunga suke ce masa, sunan da kakanninsu suka sa. Masunta ne daga Yawuri da suka tako da ƙafa zuwa aikin hajji, suka sauke farali, suka ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, shi ke nan zance komawa gida ya mutu. Gidaje ashirin da 'yan kai, masallaci ɗaya mai farar hasumiya, kanti ɗaya na wani ɗan Yaman da ba ya rabo da barci. Babu asibiti. In kana son waya ta shiga sai ka hau tudun yashi na bayan masallaci. Ruwan sha kuwa tanka ce take kawowa ranar Asabar, wanda ya makara ya sha haƙuri har wani satin.

Jawahir ba 'yar nan ba ce. A unguwar Sharafiyya ta cikin Jidda aka haife ta, 'yar mai tsire ce, ta tashi cikin hayaniyar motoci da ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ranar da aka aike ta Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda, ta tsaya gaban wani dogon saurayi baƙi wuluk ta nuna kifin da take so. Ya ce ba zai sayar mata ba, na jiya ne, ta ɗauki wancan. Ta ce ina ruwansa. Ya ce da ruwansa, shi ya kamo shi. A kan wannan gardamar aka yi aure bayan shekara. 'Yan'uwanta suka yi ta dariya, wai za ta koma inda ko kaza sai ta yi warin kifi. Ba su yi ƙarya ba, wallahi, har turaren wutarta ƙarni yake.

Shekara arba'in ke nan. Ta koyi tsaga kifi ta baya ba ta ciki ba, ta koyi cusa gishiri har cikin ƙashi, ta jera a tulu kwana uku sannan ta fitar ta shanya a kan rumfa. Rumfar nan ita ce gonarta, ita ce ofishinta. Itace ne aka kafa aka ɗaura igiyoyi, a kusurwarta ta gabas kuma akwai wani dogon bututun ƙarfe da aka taɓa ɗora eriyar talabijin a kai. Tafin hannunta ya tsage ya warke ya sake tsagewa har ya zama kamar bayan kwando. 'Yan kasuwa daga Jidda sun san kifin Ummu Tariq, kamar yadda ake kiranta, ba ya tsutsa, ba ya wari. Ta haifi biyar, biyu suka rayu. Arwa tana aure a Makka, Tariq kuma yana aiki a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu, yana zaune da matarsa a unguwar Bani Malik ta Jidda, a bene hawa na uku.

Wanda bai taɓa zuwa wannan gaɓar ba zai ɗauka teku fili ne, ka kunna inji ka bi inda ka ga dama. Ina! Gaban Tunga duwatsun murjani ne a jere ƙarƙashin ruwa, doguwar katanga mai kaifi, sha'ab suke ce mata. Hanya ɗaya ce tak ta ratsa ta, faɗinta bai fi jirgi uku a jere ba, ana kiranta Ƙofa. Ka kauce dama ko hagu da taku kaɗan, dutse ya farke cikin jirgin, igiyar ruwa ta ƙarasa sauran aikin. Jawahir ta yi wa mata huɗu zaman makoki a kan Ƙofar nan, ba labari aka ba ta ba.

Abdulghani kuwa a nan ya yi suna. Da launin ruwa yake tuƙi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore a yi hattara, ruwan ƙasa kuwa dutse ne ya kusa leƙowa. Shi ya sa ake fita da safe rana tana bayanka, a dawo da la'asar tana bayanka, don ta haska maka ruwa. Samari suna da na'ura mai nuna hanya a wayoyinsu, shi ko kallonta ba ya yi. Rayyis suke ce masa, wato shugaban jirgi, kuma in iska ta tashi sai ka ga jirage sun yi layi a bayansa kamar 'yan tsaki.

To mutumin nan ne wata safiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ci gaba da tsiyayawa har ya jiƙa tabarma. Jawahir ta gani, ta goge tabarmar. Bayan kwana biyu ta ji shi yana yi wa tukunyar gas sallama a ƙofar kanti, har yana jin haushi ba ta amsa ba. Abin dariya ne, amma ita ba ta yi dariya ba. Ta ja shi ɗaki, ta juya fuskarsa wajen taga, ta ga farar yana ta kwanta a kan ƙwayar idonsa duka biyu.

"Abu Tariq, tun yaushe?"

"Ƙaiƙayi ne kawai. Gishiri ne."

"Ni za ka gaya wa gishiri? Ni da nake kwana a cikinsa? Gobe mu tafi Jidda a duba ka."

Nan ya zauna a bakin gado, ya ce mata ko gawarsa ba za ta je ba. Mahaifinsa ma irin wannan yanar ce ta kama shi, wani mai magani ya zo ya sa masa tsinken ƙarfe a ido, Abdulghani yana ɗan shekara goma shi ya riƙe fitila. Tsohon ya shiga ɗakin yana ganin inuwar mutane, ya fito ba ya ganin komai, ya yi shekara tara a zaune yana tambayar kowa yau wace iska ce. Jawahir ta ce ai yanzu zamani ya canza, likitoci ne, da na'ura suke yi. Ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne, ido kuma ido ne. Sannan in maganar ta fita, a hana shi takardar fita teku, Tariq ya zo ya kwashe su ya kai hawa na uku, inda in ka buɗe taga bangon maƙwabci kake gani. "Wata biyu zan yi a can, ki sa a wanke ni," in ji shi. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har 'ya'yansu. Ta rantse, kuma tun daga ranar take jin haushin bakinta.

Dabarar zane ita ta kawo ta. Tun zamanin kakanni an san cewa in mai dawowa ya saita hasumiyar masallaci daidai bayan kusurwar rumfar gidansu, to yana tsakiyar Ƙofa. Launin ruwa ya ɓace wa Abdulghani, amma farar hasumiya yana ganinta dishi-dishi, abu mai haske ma yana gani. Sai ta ɗauko wani zanen gado mai ruwan goro, cikin kayan aurenta, ta sa aka ɗaure shi tun daga ƙolin bututun nan har ƙasa. Ta ce wa mutane don hankaki da shaho ne. Ranar farko da ya dawo ya ce mata, "'Yar Sharafiyya, kin yi kai. Zanenki a ƙasa, hasumiya a sama, na shigo kamar a kan kwalta." Tun daga nan zanen bai sauka ba. Rana ta ci shi, iska ta yayyage gefensa, ƙuda suka yi masa zane na biyu. In ya kode ta jiƙa rini ta shafa masa da tsumma a bakin sanda. Kafin ta yi salati da safe sai ta leƙa ta ga yana nan.

Mutum ɗaya ne yake fita da Abdulghani, Mahamadou, ɗan Ayorou ta Nijar a bakin kogin Kwara, dattijo mai furfura a gemu. Shekara goma sha huɗu suna jirgi ɗaya, Abdulghani ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wajen hukuma. Mutum ne da za ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba. Shi yake zama a goshin jirgi da ƙugiya da igiyar anga, Rayyis yana baya riƙe da hannun inji. A bana ya ce ya gaji, gwiwa ta ƙi, iƙamarsa, takardar izinin zama, tana ƙarewa bayan Babbar Salla kuma ba zai sabunta ba, gida zai koma ya ga jikokinsa. Jawahir ta yi masa fatan alheri da baki kawai. Baƙon da za a kawo, ranar farko zai gane. Ta dai ba kanta haƙuri da cewa zane yana nan, kuma zane ba shi da iƙama.

Saura sati uku Salla, Tariq ya zo hutun ƙarshen mako da matarsa Lama. Yarinyar kirki ce, haihuwar Bani Malik, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci rabi da rabi. Laifinta ɗaya, ba ta iya ganin abu ba ta gyara shi ba. Zuwanta na baya sai da ta wanke tulun gishirin da ya shekara ashirin yana tsuma, da sabulu mai ƙamshin lemo, kifin watan nan kaf ya tashi da ɗanɗanon wanki. Jawahir ta haɗiye, don ta san yarinyar so take a ce ta yi abin kai.

Ranar Asabar jirage suka fita da asuba. Da hantsi iskar arewa ta fara kaɗawa, irin wadda take tara kumfa a bakin Ƙofa. Tanka ba ta iso ba sai bayan azahar, kuma direban ya ce ba zai shiga cikin gari ba, tayarsa za ta nutse, a can bakin fako zai tsaya. Dole Jawahir ta tura baro da jarkoki zuwa ƙarshen gari. Tariq ya raka ta rabin hanya, ya ce zai koma gida ya ɗauki mota ya wuce bakin kwalta ya sayo ƙanƙara. Layi ya yi tsawo, mata suna ta faɗa a kan wa ya riga wa, bututun tankar kuma yana tsiyaya kamar ana roƙonsa. Tana tsaye tana duban inuwarta tana ƙara tsawo. Aka kira la'asar tana da mutum uku a gabanta.

Da ta cika jarka ta ƙarshe ta juyo, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba ta duba rumfarta daga nesa. Ta ga hasumiya. Ta ga bututu. Ba ta ga ruwan goro ba.

Ta murza ido ta sake dubawa. Innalillahi! Ta saki baron nan a tsakiyar hanya, jarka ɗaya ta kife, ruwan sati guda yana malala cikin yashi, ko waiwaye ba ta yi ba. Mace mai shekara sittin, mai ciwon gwiwa, ta kama gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Aissa maƙwabciyarta tana kiran "Ummu Tariq, lafiya?" ba ta ji ba.

Ta tarar da Lama a tsakar gida tana murmushi, hannu a ƙugu. An lulluɓe rumfar da sabuwar raga koriya irin ta roba, an naɗe bututun da ita tsaf tun daga sama har ƙasa, an ɗaure da igiya fara. Aiki ya yi kyau, babu ƙarya.

"Khala, mufaja'a!" in ji Lama, wato Inna ga ba-zata. "Na sayo miki a Jidda. Tariq ya hau ya ɗaura kafin ya tafi. Wancan tsumma, wallahi, kullu, duk ƙuda ne."

"Ina zanen?"

"Halas, na kai bola. An sa wuta tun ɗazu."

Jawahir ta dubi bayan gida inda ake ƙona shara, ta ga ɗan hayaƙi yana tashi. Ta juya yamma. Jirage uku sun riga sun shigo, na samari masu na'ura. Can bayan farin kumfa kuwa ga wani shuɗin jirgi yana tahowa shi kaɗai, ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta. Bai fi minti biyar ya isa bakin Ƙofa ba.

Ta faɗa ɗaki ta zazzage akwati. Baƙar abaya, baƙar abaya, shuɗin zane, farin mayafi. Shekara arba'in tana tara kaya, a rasa abu ɗaya mai ruwan goro! Ko da ta samu ma, wa zai hau? Tsani yana cikin motar Tariq, don aro ya yi a bakin kwalta zai mayar. Waya kuwa, Abdulghani a gwangwanin madara yake rufe tasa, kuma ba ta shiga a teku. Ta fito hannu rabbana.

Lama ta ga fuskar surukarta, murmushin ya gudu. "Khala, esh fi? Me na yi?"

"Da zanen yake gane hanya," Jawahir ta faɗa, ba ta san ma ta faɗa ba.

Yarinyar ba ta gane duka ba, amma ta gane isasshe. Ta fizge ɗan gyalenta mai launin ja-ja daga wuya ta nufi bakin ruwa da gudu za ta ɗaga. Jawahir ta cafko hannunta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Kul! Kada ki ɗaga komai a can! In ya hango ja a inda ba wurinsa ba, shi zai bi, ki kai shi kan dutse da hannunki."

Suka tsaya su biyu a gindin bututu, babu abin yi. Jawahir ta ɗaga gyalen iya tsawon hannunta, ta kuma san aikin banza ne, katangar gidan Aissa ta tare shi. Ta yi tunanin ta kwarma ihu, ta tara gari, ta ce a tura jirgi ya tare shi, mijinta makaho ne. Rantsuwar ta hana ta, kuma ko ta karya ta, kafin a tayar da inji an gama komai. Sai ta kama karanta duk abin da ya zo bakinta, tana haɗa Fatiha da addu'ar shiga kasuwa.

Shuɗin jirgin ya iso bakin kumfa, ya rage gudu. Ta ga ya karkata hagu, wajen da ya ci mijin Aicha, ɗaya daga cikin matan nan huɗu, shekara takwas da suka wuce. Ta durƙusa. Jirgin ya yi ɗan jim, ya gyara zuwa dama kaɗan, ya sake gyarawa, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sauke, ta sake ɗaga shi. Sai ga shi a cikin ruwa mai kwanciya, yana tahowa abinsa kamar babu abin da ya faru. Lama ta fashe da kuka. Jawahir ba ta yi kuka ba, ta miƙe tsaye.

Ta sauka bakin ruwa ƙafa ɗaya ba takalmi, Lama tana biye da ita. Abdulghani ya diro daga jirgi, ruwa iya gwiwa, yana dariya, yana ba samari umarni su kama akwatin kifi. Ya ji muryarta tana yi wa Mahamadou sannu, ya juyo wajenta, ya rage murya yadda ya saba in zai yi zancen sirrinsu.

"'Yar Sharafiyya, yau iska ta so ta yi mana rashin kunya. Amma zanenki kamar wuta, tun daga nesa na hango shi. Kin sake rina shi ne?"

Lama ta buɗe baki, Jawahir ta matse mata yatsu har sai da ta yi ƙara. Ta dubi fuskar mijinta, fuskar da ta sani tun tana baƙa wuluk babu tamoji, ta ga yana murmushi yana kallon gefen kafaɗarta.  Ashe tsoron da ta yi shekara uku tana yi ƙarami ne.

"Sannu da ruwa, Abu Tariq," ta ce. "Je ka watsa, abinci yana nan."

Ta jira ya hau tudu, yana bin hanyar da ƙafarsa ta haddace. Sannan ta koma wajen Mahamadou, yana kwarfe ruwa daga cikin jirgi da rabin jarka.

"Malam Mahamadou, don girman Allah, wa ya shigo da jirgin nan?"

"Rayyis ne, Hajiya. Shi ke riƙe da inji."

"Ban tambaye ka wa ke riƙe da inji ba."

Ya ajiye jarkar, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya ɗaga dunduniya ya buga cikin jirgin sau ɗaya, katakon ya amsa. Ya buga sau biyu.

"Ɗaya dama, biyu hagu," ya ce. "Wata bakwai ke nan. Wata rana muna dawowa na ga ya nufi dutse sak, tsoro ya sa na buga ƙafa, sai na ga ya juya. Washegari na sake, ya sake. Daga nan muka ɗore."

"Kun yi maganar?"

"Subhanallahi, Hajiya. Ni in ce wa Rayyis ba ya gani? Bai ce ba, ban ce ba." Ya share gemu da bayan hannu. "Yau da na ga babu zanen na ce to, yau zai tambaya. Bai tambaya ba. Ni abin da ke hana ni barci, saura sati uku. Na so in zo in same ki, kunya ta hana."

Ta hau tudun a hankali, gwiwar da ta manta da ita ta dawo da bashin gudun ɗazu. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja a kan ruwa. Abdulghani ya yi wanka ya sa farar riga, yana zaune a kan tabarma a gindin rumfa, inda yake zama kullum, yana laluben ƙugiyoyi da yatsa yana jera su a jikin kwali. Makullin inji yana rataye a wuyansa da jar igiya. Lama ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Jawahir ta tsaya a kansa. Ta shirya faɗa tun daga bakin ruwa, kalmomi masu zafi, na shekara uku. Da ta ga yadda yake kai ƙugiya kusa da hanci yana juyawa, sai duk suka zube.

"Ba ni hannunka."

"Me kuma aka yi?"

"Ba ni dai."

Ya miƙo. Ta ɗaga shi tsaye, ta ja shi taku biyu zuwa kusurwa, ta ɗora tafinsa a jikin bututun. Yatsunsa suka taɓa ragar roba, suka tsaya. Suka yi sama, suka yi ƙasa, suka zagaya baya suna neman auduga. Ya kai ɗaya hannun ma ya shafa.

"Babu zane yau, Abu Tariq. Tun bayan azahar aka ƙone shi."

 Hannunsa yana nan a jikin ƙarfen, har ladan ya fara gyaran murya a lasifika. 

"Ba na so ki daina rina shi ne," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kullum in na ce na gani, sai in ji kin yi numfashi."

"To yau na kusa daina numfashin gaba ɗaya. Saura sati uku ƙafar Mahamadou ta hau jirgin sama. Sannan wa zai buga maka? Ni na yi wa mata huɗu zaman makoki a kan Ƙofar nan, wallahi ba zan zauna a yi mini na biyar ba ina sane. Rantsuwar da na yi maka, zan yi kaffara. Ko ka gaya wa Tariq da bakinka, ko in gaya masa da nawa."

Can nesa suka ji ƙarar motar Tariq tana tahowa a kan fako. Abdulghani ya saurara har ta matso. Sannan ya sunkuyar da kai, ya zare jar igiyar daga wuyansa, ya lalubo hannunta ya sa mata makullin a ciki. 

"Ki ce masa gobe kada ya tafi sai da ni," ya ce. "Amma, Jawahir, in sun zo da ƙarfen, kada ki fita. Ke za ki riƙe mini hannu."

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Tariq. Ta damƙe makullin, ta damƙe yatsunsa tare da shi.

"Shekara uku ina riƙe maka zane, har bayan ka daina ganinsa," ta ce. "Hannu ne zai gagare ni?"